Na fita neman lafiya, na dawo babu barci

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare, cikin watan Afrilu, ina kwance bisa tabarma a tsakar gida ina kallon taurari. An ɗauke wuta tun sha ɗaya, ɗaki ya koma tanda, duk gidan mun fito waje. Yara sun yi nisa, har karnukan unguwa sun gaji da haushi, ni kaɗai ne idona biyu. Cinyoyina suna zogi, bayana kamar an daka ni cikin turmi. Gajiya kam ba a magana, amma barci ya ce bai san zancen ba. In na kwanta ta gefen hagu sai in riƙa jin bugun zuciyata cikin kunne kamar gangar ƴan kokowa. Ina cikin juye-juye sai na ji muryar uwargida cikin duhu, ashe ita ma na hana ta sakat: "Malam, wai wannan balon naka magani ne ko ciwo?"

Ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita. Sati shida na yi ina neman amsar. Ita ce nake so in kawo wa ƴan uwana malaman makaranta, da duk wanda ya haura shekara 40 aka ce masa ya motsa jiki, alhali ba shi da lokacin kansa sai rana ta faɗi.

Ga yadda abin ya samo asali. Farkon shekarar karatu, cikin watan Oktoba, ciwon kai na ƙeya ya matsa mini, na je asibitin unguwarmu a nan Maraɗi. Majo ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya duba, ya sake ɗaurawa, sannan ya ce, "Mushe, tansiyonka 16/10 ne." Ya ce in dawo. Sau uku na koma cikin sati biyu, bai taɓa sauka ƙasa da 15/9 ba. Ya yi mini bayani cewa duk wanda aka auna sau da dama aka tarar da shi daga 14/9 zuwa sama, to hawan jini ne, ba gajiya ba, ba kuma sammu ba.

Yana magana, ni kuwa mahaifina nake gani, Allah ya jiƙansa. Mutumin da ke nome gonarsa shi kaɗai, wata safiya ɓarin jikinsa ya shanye yana da shekara hamsin da ƴan kai. Shekara huɗu ya yi kwance, sai an tayar, sai an kwantar. Ni a lokacin da majo ke magana shekarata 46, ƴaƴa biyar, autansu ko lakwal bai shiga ba. Saboda haka da ya rubuta mini magani ya ce in rage gishiri da magi, in kuma riƙa motsa jiki minti 30 sau biyar a sati, ban yi gardama ba. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro lissafin ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici.

Faɗin abu da sauƙi. Amma yaushe? Wanda bai taɓa riƙe alli ba ya kan ɗauka malamin makaranta ya fi kowa hutu. In na dawo daga sallar asuba, sai shirin yara, in kwashe su bisa moto in sauke kowa a makarantarsa, ƙarfe 8 ina gaban ɗalibai sama da saba'in a ajin CM2. Da rana kuwa, wa zai yi gudu cikin ranar Maraɗi in ba mai neman ajalinsa ba? Da marece a koma aji. In an tashi, ina da darasin gida da nake ba ƴaƴan wani ɗan kasuwa har kusan magariba, kuma da kuɗin wannan darasi ake cika cefanen ƙarshen wata. Abin da ya rage mini shi ne bayan isha'i.

Samarin fadar unguwarmu suna da wani ɗan fili kusa da bakin titi, inda fitila mai aiki da hasken rana ke haskawa. Da an fito sallar isha'i sai su dasa duwatsu biyu nan, biyu can, su buga balo har goma na dare. Rabinsu ni na koya musu rubutu. Ranar da na fara fitowa da gajeren wando sai fili ya ɗauki ihu: "Mushe ya shigo! Mushe ya shigo!" Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Sati na biyu na jefa ƙwallo tsakanin duwatsu, na koma gida ina jin kaina ɗan shekara ashirin. In an tashi wasa sai a koma fada, ga shayi bisa gawayi, a ce na farko na Mushe ne, don girmamawa. In sha na farko, in sha na biyu, ana gardamar wa ya yi wa wani ƙeta. Sha ɗaya da rabi nake shiga gida, in buɗe kwanon tuwon da aka ajiye mini in cinye, in ɗan duba salula, in kwanta.

Cikin sanyin Disamba da Janairu abin bai fito fili ba. Ina yin jinkirin barci, amma na kan samu wajen sha biyu da rabi ko ɗaya. Da azumi ya zo na dakata. Bayan salla na koma fili da ƙarfina, na tarar zafi ya riga ni isa. A nan ne lissafi ya rikice. In kwanta sha biyu, barci sai wajen biyu, ladan kuwa ba ya jiran kowa. Awa uku, in an yi sa'a uku da rabi, shi ne rabona. Na fara zuwa aji da jajayen idanu. Na fara gyaran kaye ina kai jan biro inda bai kamata ba. Wata rana ina ba da shifta na ji jimla ta ɓace mini a baki, na tsaya ina kallon yara suna kallona.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru wata ranar Talata. Akwai wata yarinya a ajina, mai kunya, ba ta ɗaga hannu sai an kira ta. A farkon shekara mahaifinta ya so ya cire ta, ni na taka har gidansu sau biyu na roƙe shi ya bari ta gama CM2. Ranar nan na kira ta allo ta yi lissafin rabawa. Ta yi, ta juyo tana jira. Na duba da idon wanda bai yi barci ba, na ga kamar ta yi kuskure. Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi mata ba, na ce shekara guda ina wahala a kanta a banza, ta je ta durƙusa. Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro daga baya ya ɗaga yatsa a tsorace ya ce, "Mushe, ai daidai ne." Na sake dubawa. Daidai ne.

A ekol normal, lokacin da ake horar da mu, wani malaminmu ya sha gaya mana cewa yaro na manta darasi amma ba ya manta ranar da aka kunyata shi kan gaskiyarsa. Laraba yarinyar ba ta zo ba. Alhamis ma ba ta zo ba.

A satin nan na koma wurin majo. Ya auna, 15/10. Wato wata huɗu ina zubar da gumi, jini bai sauka yadda ake so ba, ga barci na rasa, ga haƙuri na rasa. Garin neman ƙiba na samo rama. Na ce masa na bar motsa jiki, maganin kawai zan riƙa sha. Bai yi mini faɗa ba, tambayoyi ya jero mini. Ƙarfe nawa kake gamawa? In kana cikin wasan kana iya magana ko haki kake? Me kake sha bayan nan? Yaushe kake cin abincin dare? Da na amsa sai ya yi dariya ya ce, "Mushe, abu huɗu ka haɗa cikin tukunya guda, ka zo kana zargin ɗaya. Kai da kake kiran suna kullum safe, ka buɗe wa barcinka rajista mana." Ya ƙara da wata magana da ta tsaya mini: jinin mai lafiya ya kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari lokacin barci, a nan zuciya da jijiyoyi ke samun hutu. Wanda ya saba da barcin awa uku ya hana su wannan hutu, kuma ƙarancin barci shi kansa yana cikin abubuwan da ke tafiya tare da hawan jini. Baligi na bukatar awa bakwai ko fiye. Ashe da hannun dama nake gini, da na hagu nake rushewa.

Na sayi sabon kaye na ja layuka: irin motsin da na yi, lokacin da na gama, shayi nawa na sha da lokacinsa, lokacin kwanciya, da yadda na tashi. Layin lokacin da barci ya ɗauke ni uwargida na bar wa, ta ce wannan ba wuya, da na fara minshari za ta duba salula.

Da na ba abokan aiki labari a inuwar dalbejiya lokacin hutun safe, sai suka rabu biyu. Wasu suka ce ai sananne ne, motsa jiki da dare yana kore barci, in bari kawai. Wasu suka ce ƙarya ne, gajiya ita ce maganin barci, ba ka ga manomi ba? Wani ya tuna mini da ƙuruciyarmu a ƙauye, lokacin kaka, in farin wata ya fito, yadda muke kokowa da langa a dandali har dare ya raba, mu koma mu zube kamar gawa. Kowane ɓangare da hujjarsa, kuma duka biyun na taɓa gani a jikina. Wannan ya sa na shiga karatu a kan lamarin, ina gwada abin da na karanta da abin da kayena ke nunawa.

Abu na farko da na fahimta shi ne, gajiya daban, shirin barci daban. Jikin mutum yana da agogonsa na ciki mai zagayen kimanin awa 24, wanda binciken yadda yake aiki ya sa aka ba wasu masana uku na Amurka kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017. Cikin ayyukan wannan agogo akwai sarrafa zafin jiki. Zafin cikin jikinmu yana wajen digiri 37, amma ba tsaye yake ba. Ya kan kai ƙololuwa da marece, ya fara sauka in dare ya yi, ya kai ƙarshen saukarsa wajejen asuba. Wannan saukar tana cikin abubuwan da ke buɗe wa barci ƙofa, kuma ta fata jiki ke fitar da zafin, musamman ta tafin hannu da na ƙafa. To gudu mai tsanani yana iya ɗaga zafin ciki zuwa 38 ko sama da haka, kuma ba nan take yake sauka ba. Ni ina hura wuta daidai lokacin da jiki ke ƙoƙarin kashe ta. Cikin sanyin Janairu iska na taya ni hucewa. Cikin Afrilu kuwa, da rana ta wuce digiri 40, bango da kwanon rufi suna amayar da zafi har tsakar dare, ina jiki zai kai nasa?

Abu na biyu zuciya ce. Wasan gasa ba tafiya ba ne. In kana tsere da yaro ɗan shekara 19, jiki na sakin sinadaran faɗa-ko-gudu irin su adirenalin, bugun zuciya ya hau, hankali ya tashi tsaye. Bayan an tashi, jiki na bukatar lokaci kafin ya koma yanayin natsuwa, kuma gwargwadon tsananin wasan gwargwadon daɗewar. Gangar da nake ji cikin kunne ke nan.

Na uku shi ne shayi, kuma a nan na fi jin kunya, don abu ne da kowa ya sani amma ba mai son a faɗa. Tun daga safe wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa cikin ƙwaƙwalwa, shi ke sa mutum jin nauyin ido in dare ya yi. Kafeyin da ke cikin shayi da kofi da goro yana toshe wurin da adenosin ke kamawa, sai ƙwaƙwalwa ta kasa jin kiran barci ko da gajiyar tana nan. Kuma kafeyin ba ya saurin fita. A jikin yawancin manya sai an yi kimanin awa biyar kafin rabinsa ya tafi. Ka lissafa da kanka: na farko da aka dafa ya yi baƙi, na sha shi goma da rabi na dare, ƙarfe uku da rabi rabinsa na nan cikin jinina.

Na huɗu haske da cikin da aka cika. In duhu ya yi ƙwaƙwalwa na sakin melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki cewa dare ya yi, haske mai ƙarfi kuma yana jinkirta shi. Ni daga ƙarƙashin farar fitila nake fitowa in shiga hasken salula. Sannan in ɗora malmalar tuwo biyu in kwanta a kansu, ƙwannafi ya taso.

Masu bincike ma sun duba wannan tambaya. Wasu masana na jami'ar ETH da ke birnin Zurik a ƙasar Suwizilan sun tattara bincike 23 da aka yi kan motsa jiki da marece, aka buga sakamakon a mujallar Sports Medicine ta 2019. Abin da suka tarar shi ne, a dunƙule motsa jiki da marece ba ya ɓata barcin mai lafiya, sai fa in mai tsanani ne kuma an gama shi awa ɗaya ko ƙasa da haka kafin kwanciya. A 2025 kuma wasu masana ƙarƙashin jagorancin jami'ar Monash ta Ostiraliya suka fitar da wani a mujallar Nature Communications. Sun bi mutum 14,689 masu ɗaure da na'urar awo a hannu, dare sama da miliyan huɗu in an haɗa. Su sun tarar cewa gwargwadon tsananin motsin da kusancinsa da lokacin kwanciya, gwargwadon jinkirin barci da gajartarsa da hawan bugun zuciya cikin dare, amma wanda aka gama awa huɗu ko fiye kafin barci bai nuna wata illa ba. Sun bambanta kan yawan tazarar, amma bakinsu ɗaya kan tushen magana: ba marece ne mai laifi ba, tsanani ne da ƙurewar lokaci.

Kayena, da na zauna na duba shi bayan sati shida, bai saɓa musu ba. Ba bincike ba ne, jikin mutum ɗaya ne cikin bazara ɗaya, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daren da na buga balo har goma na sha shayi, uwargida ba ta taɓa rubuta ƙasa da ɗaya da rabi ba. Daren da na buga na ƙi shayi, wajen sha biyu da rabi zuwa ɗaya: an samu sauƙi, ba a warke ba. Daren da ban motsa ko'ina ba na zauna fada na sha shayi, shi ma sai bayan sha biyu, kuma barcin tsuntsu. Ranar da na yi tafiyar sauri kafin magariba, na kuma tsayar da shayi tun azahar, kafin sha ɗaya na yi nisa, wani lokaci goma da rabi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tafiya a hankali bayan isha'i, ta minti ashirin ko talatin: ba ta taɓa hana ni barci ba ko sau ɗaya.

Majo ya ba ni ma'auni mai sauƙi na gane tsanani, wanda ba ya bukatar na'ura. In kana motsi kana iya hira amma ba ka iya rera waƙa, matsakaici ne. In ba ka iya haɗa kalma uku huɗu sai ka tsaya ka ja numfashi, mai tsanani ne. Na farkon ana iya yinsa ko da dare. Na biyun a ba shi tazara.

To ina batun kokowar dandali? Na yi tunaninsa sosai. A lokacin shekarunmu 14 ko 15, jikin yaro na saurin hucewa. Lokacin kaka ne, dare da sanyi-sanyi. Babu fitila sai wata, babu salula, shayi kuwa na manya ne, yaro bai isa ba. Tuwo tun magariba aka ci. Sannan mun manta da yadda iyayenmu mata ke fama da mu da safe kafin mu tashi. Abokin aikina bai yi ƙarya ba, amma kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Gyaran bai zo kyauta ba. Darasin ƴaƴan ɗan kasuwa ban iya barinsa ba, saboda haka na nemi motsi a cikin hidimar da nake yi. Da marece na daina hawa moto. Daga makaranta zuwa gidan darasi, daga can zuwa gida, tafiyar kusan minti 35 ce in an ɗaga ƙafa. Na kan iso gab da magariba, jiƙe da gumi, in watsa ruwa in tafi masallaci. Kwanakin farko mutanen unguwa sun ɗauka moton ya lalace ko na sayar, har wani ya tsaya zai rage mini hanya, da na ƙi ya tambaye ni ko lafiya. A garinmu babban mutum da tafiyar ƙasa ana ɗaukarsa alamar karayar arziki. Na haɗiye wannan. Kuɗin man da ya ragu ya taya ni haɗiyewa.

Balo ban rabu da shi ba, lokaci na canza masa. Ranar Laraba da ba mu komawa aji da marece, da kuma Lahadi, muna haɗuwa da wasu tsararrakina bayan la'asar in rana ta yi sanyi, mu buga na minti arba'in, kafin kiran magariba an tashi. Tsakanin tashi da kwanciyata akwai kusan awa huɗu. Abincin dare ya dawo tsakanin magariba da isha'i, tare da yara. Wanka na kan sake shi kamar awa ɗaya kafin kwanciya, da ruwan da ya ɗan kwana a rana, ba mai sanyi ƙarara ba. Salula tana kwana a ɗaki, ni ina waje.

Mafi wuya shi ne gaya wa samarin fada. Suka ce, "Haba Mushe, tsufa ne ya zo?" Na ce shi ne, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Har yanzu na kan biya in gaishe su, in an miƙo na farko in ce a ba na kusa. Da fari sun ji ba daɗi, don mayar da shayi a fada kamar mayar da gaisuwa ne. Yanzu sun saba, har sukan ajiye mini ruwan sanyi. Biyu daga cikinsu da ke shirin jarrabawa sun zo sun same ni a gefe suna tambaya ko abin da ke sa su gyangyaɗi a aji ke nan. Na ce su buɗe kaye su gani da idonsu.

Uwargida kuwa, da na fara yi mata bayanin minti 150 na Hukumar Lafiya, ta ce in zo in karɓi wanki da shara da ɗaukar ruwa na kwana ɗaya, sannan in faɗa mata minti nawa ne. Ban ja ba. Amma daga baya ita ta ce za ta riƙa raka ni tafiyar bayan isha'i. Mu kan taka a hankali har ƙofar gidan yayarta, mu gaisa a tsaye, mu juyo. Shekara da shekaru rabon da mu yi hirar minti ashirin babu yaro a tsakani.

Awon da aka yi mini na baya-bayan nan 13/8 ne. Kada wani ya karanta wannan ya ajiye maganinsa: ina shan nawa kullum safe, majo ya ce tafiya da barci mataimaka ne, ba magada ba. Kuma duk mai hawan jini, ko mai jin ciwon ƙirji ko jiri in ya yi sauri, ya ga likita kafin ya shiga tsere da yara. Wanda kuma ba shi da wani lokaci sam sai dare, kada ya ce tunda haka ne ya zauna. Ya taka a hankali, ya bar shayin dare, ya ba jikinsa lokacin hucewa. Zaman ya fi tafiyar dare illa nesa ba kusa ba.

Yarinyar nan ranar Juma'a na je gidansu. Na tarar da mahaifinta a ƙofar gida, na gaya masa abin da ya faru ban rage komai ba, na ce laifina ne. Ya daɗe yana kallona, ina jin bai taɓa ganin mushe ya zo ba da haƙuri ba. Litinin ta dawo. Na kira ta allo, na sa ta sake lissafin nan, na ce wa aji ranar Talata ita ce da gaskiya, ni ne na yi kuskure. Ba ta ce komai ba, kanta na ƙasa. Sai bayan sati biyu na ga hannunta a sama ba tare da na kira ta ba. Yanzu tana kolej.

Jiya da dare an sake ɗauke wuta, muka fito tsakar gida. Wajen goma saura ina kwance na jiyo ihun samari daga bakin titi, wani ya jefa ƙwallo. Na ce a raina bari in saurara in ji ko su wa suka ci. Da safe sai da na tambaya.

Allah ya ba mu lafiya da barci mai daɗi.